Korona ta katse mini SIWES a otal, me zan yi? Amsa ga wata ɗaliba a 2021

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni ɗaliba ce, ina ND, wato ƙaramar difloma, a sashen kula da otal da karɓar baƙi. Na fara SIWES, wato horon aiki da ake tura ɗalibai, a wani otal a Abuja a farkon 2020, ban yi nisa ba aka shiga kullen korona aka sallame mu. Yanzu makaranta ta ce mu kawo logbuk, wato littafin rubuta ayyukan horo, cikakke, otal ɗin kuma sun ce sun daina ɗaukar ɗalibai. Wasu 'yan ajinmu sun biya kuɗi an buga musu hatimi an sa hannu. Babana ma ya ce ba zan koma otal ba a wannan yanayi. Me zan yi? Ko kwasa-kwasan intanet za su wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika yi tambaya kafin ki bi sahun 'yan ajinku. Bari in ba ki amsar a dunƙule sannan in warware ta. Kada ki sayi hatimi. Kwas na intanet yana da amfaninsa, amma ba ya tsayawa a madadin horo. Kuma babban otal ba shi kaɗai ba ne wurin koyon wannan sana'a. Duk inda ake ciyar da mutane da yawa, ko ake ba su makwanci bisa tsari, nan ma wurin horo ne, matuƙar sashenku ya amince.

Maganar hatimin nan ita ta fi tsaya mini a rai. Kafin in koma koyarwa na daɗe a sashen gyaran ɗakuna, na kuma sha zama a teburin ɗaukar ma'aikata. A wannan sana'a ba a daɗe ana kallon takarda. Za a kai ki ɗaki a ce ki shimfiɗa gado, ko a ba ki faranti da cokula a ce ki jera tebur na mutum huɗu, ko a miƙa miki wuƙa da albasa. Kafin minti biyar mai gwada ki ya san ko hannunki ya taɓa aikin. Wadda ta zo ta ce "horona ya katse saboda kulle, ga iyakar abin da na koya" ana jin tausayinta, ana kuma koya mata. Wadda ta zo da logbuk cike da ayyukan wata huɗu amma ba ta san ta inda ake fara gyaran banɗaki ba, shi ke nan an daina yarda da ita, alhali aikin otal kacokan a kan amana ya tsaya: ke za a ba makullin ɗakin baƙo, jakarsa a buɗe, agogonsa a kan tebur. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a nan kuwa ya fi ko'ina ƙurewa.

Ki tuna dalilin da ya sa aka ƙirƙiro shirin tun farko. Hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, ita ta fito da SIWES a 1973, saboda masu masana'antu suna kukan cewa ɗalibai na fitowa da ilimin aji amma hannunsu bai san aiki ba. Shi ya sa aka ware wa ɗalibin ND wata huɗu, na jami'a wata shida. Logbuk da Form 8, wato takardar rahoton kammala horo, shaida ce kawai ta cewa hannu ya yi aikin. In aka sami shaidar babu aikin, an koma kan matsalar da aka so a magance tun 1973.

Kada kuma ki ɗauka otal ɗin da ya sallame ku ya raina ku ne. Abin da ya sami wannan sana'a a 2020 ba a taɓa ganin irinsa ba. Hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce matafiya tsakanin ƙasashe sun ragu da kashi 74 cikin 100 a 2020, wato kusan tafiye-tafiye biliyan ɗaya da ba a yi ba. Majalisar tafiye-tafiye da yawon buɗe ido ta duniya, WTTC, ta ƙiyasta ayyuka miliyan 62 ne suka salwanta a fannin. A Amurka, kamfanin Disney, wanda shirinsa na horar da ɗalibai ya yi suna a duniya, ya dakatar da shirin a Maris 2020 ya tura ɗaliban gida. A nan kuwa kin gani da idonki. An sami mutum na farko mai cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairu, aka rufe makarantu da filayen jiragen sama kafin Maris ya ƙare, aka kulle Abuja da Legas da Ogun daga 30 ga watan, Kaduna da Kano suka yi nasu dogon kullen. Sai 1 ga Yuli aka buɗe zirga-zirga tsakanin jihohi, jiragen cikin gida suka dawo 8 ga Yuli, na ƙasashen waje sai 5 ga Satumba. Ba a je Hajji daga Najeriya ba, an soke hawan Sallah a Kano da sauran masarautu.

Akwai abin da ya kamata ɗalibar wannan fanni ta gane game da otal-otal ɗinmu. Ba Turawa 'yan yawon buɗe ido ne ke riƙe su ba. Taron ma'aikatun gwamnati ne, da bita ta ƙungiyoyin agaji, da 'yan kasuwa, da biki. Taron ya koma Zoom, an taƙaita biki, har dokar da shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa wa hannu a Janairun 2021 ta ƙayyade yawan mutanen da za su taru a rufaffen wuri. Manajan da ya tura ƙwararrun ma'aikatansa gida ba albashi, da wane ido zai kalle su in ya kawo ɗalibai? Ga kuma tsoron ɗaliba ta kamu a hannunsa. Idan kin fahimci wannan, za ki san yadda za ki yi masa magana.

Matakin farko dai a makaranta yake. Ki je wurin kodinetan SIWES na sashenku da takarda a rubuce, kada ki tsaya ga maganar baki. Ki bayyana ranar da kika fara, da ranar da aka sallame ku, ki nemi abu biyu: a lissafa miki makonnin da kika yi, a kuma ba ki sabuwar wasiƙa zuwa wani wurin domin ki cika sauran. Ki koma tsohon otal ɗin ki roƙi wanda ya kula da ke ya sa hannu a kan makonnin da kika yi da gaske, ya ƙara da 'yar wasiƙa cewa kulle ne ya katse horon. Wannan ba zai yi masa wuya ba, domin gaskiya ce. Idan akwai wasu 'yan ajinku masu irin matsalarki, ku haɗu ku rubuta tare, an fi sauraron jama'a. Kada ki fara aiki a sabon wuri sai sashen ya amince a rubuce, kuma an sanar da ofishin ITF na yankin kamar yadda aka saba, don kada ki gama wahala a ce ba a san da zamanki ba.

To, ina za a nema? Ki daina kallon manyan otal-otal na Abuja na ɗan lokaci, ki dubi inda tukunya ba ta sauka ba ko a tsakiyar kulle. Asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jiha suna da sashen abinci da na wanki, kuma a can za ki koyi abin da otal ba zai koya miki ba: abincin mai ciwon suga, na mai hawan jini, na wanda aka yi wa tiyata, da yadda ake raba wankin da ya gurɓata da wanda bai gurɓata ba. A kicin da sito za ki tsaya, ba ruwanki da ɗakin marasa lafiya. Makarantun kwana sun koma, kowace tana ciyar da ɗaruruwan yara sau uku a rana. Akwai gidajen burodi da na kek, da kantin cin abinci na kamfanoni da bankuna, da gidajen saukar baƙi na jami'o'i da na gwamnatocin jihohi, da masu dafa abincin jirgin sama tunda jirage sun dawo. Akwai matan da suka yi suna wajen abincin biki, waɗanda da biki ya ja baya suka koma karɓar oda ta WhatsApp da Instagram suna aikawa da masu babur. In tana da rajista da wurin aiki tsayayye, sashenku zai iya amincewa da ita. Ga kuma azumi, lokacin da gidajen abinci ke cika da odar buɗa-baki, gwamnatoci da masu hali kuma ke buɗe cibiyoyin ciyarwa a Kano da Sakkwato da sauran garuruwa. Wadda ta tsaya a inda ake dafa wa mutum ɗari biyar, abincin kuma dole ya fito kafin kiran sallar magariba, ta koyi lissafin lokaci da na awo fiye da yadda allo zai koya mata.

Ni a ganina, ƙaramin masauki mai ɗaki ashirin ko talatin a garinku ya fi miki babban otal a wannan shekara, kuma ba don in kwantar miki da hankali nake faɗa ba. A babban otal, ɗalibi yakan ƙare wata huɗunsa yana goge cokula ko naɗe tawul, domin kowane aiki da mai shi, ba wanda zai bar miki kwamfutar karɓar baƙi. A ƙaramin wuri da aka rage ma'aikata, da safe kina teburin karɓar baƙi, da hantsi kina duba ɗakuna, da rana kina sito kina ƙirga kaya, da yamma kina zaune da manaja yana lissafin man janareta. Za ki ga sana'ar gaba ɗayanta. Sunan wurin ba zai burge kowa a takarda ba, amma ranar gwaji ke za ki burge. Sharaɗi ɗaya ne: ya kasance akwai wanda ya san aikin da zai tsaya a kanki. Wurin da za a bar ki ke kaɗai kina lalube, aikin banza kawai za ki yi musu.

Idan kin je neman wurin, kada ki ajiye wasiƙa a hannun mai gadi ki juya. Ki nemi ganin manaja ko shugaban kicin a lokacin da ba su da cunkoso, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe ko bayan la'asar. Ki shiga da takunkuminki, farcenki a yanke, ki faɗi abin da za ki iya ɗauke musu. "Ranka ya daɗe, na san an rage ma'aikata. Zan iya riƙe muku rajistar tsaftace ɗakuna da ta zafin firji, in kuma taya a sito, ku kuma ku koya mini sauran." Wannan ya fi "a taimaka mini da wurin IT" nesa ba kusa ba (IT, wato horon aiki).

Na ambaci rajistar tsafta da gangan, domin nan ne annobar ta buɗe wa ɗalibai ƙofa. Da can sashen gyaran ɗakuna shi ne wanda ɗalibai ke gudu, kowa yana son teburin gaba inda ake sa kwat. Da korona ta zo, baƙo kafin ya tambayi kuɗin ɗaki sai ya tambayi yadda ake tsaftace shi. Manyan kamfanoni sun gane haka tun a 2020: Hilton ya fito da tsarin tsafta na CleanStay, Accor ya fito da nasa na ALLSAFE, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fitar da jagora na musamman ga masaukai a ƙarshen Maris 2020, ta sabunta shi a Agusta. Ƙananan wuraren namu da yawa ba su da wanda ya karanta waɗannan. Ki zama ke ce kika karanta.

Ga kaɗan daga abin da nake so ya zauna miki. Wankewa daban, kashe ƙwayar cuta daban, kuma wankewa ke zuwa farko. In kika zuba bilic a kan tebur mai maiƙo, dattin ya cinye ƙarfinsa. Sai an wanke da ruwa da sabulu, sannan a shafa maganin, a bar shi ya jiƙa wurin aƙalla minti ɗaya kafin a goge. Ƙarfin da ake so ga tebur da hannun ƙofa da makunnin wuta da kan famfo shi ne kashi 0.1 cikin 100 na kulorin. Lissafinsa ba wuya: ki duba ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba, ki raba shi da ƙarfin da kike so, ki cire ɗaya, abin da ya rage shi ne yawan ruwa. In kwalbar ta ce 3.5, kofi ɗaya na bilic zai sha kofi 34 na ruwa. In ta ce 5, kofi 49. Inda jini ya zuba ana ƙara ƙarfi zuwa 0.5, wato kofi ɗaya a kofi 6 na ruwa ga mai 3.5. A haɗa sabo kowace rana, domin yana sanyi in ya kwana, kuma har abada kada ki gauraya shi da wani maganin wanke banɗaki, hayaƙin da ke tashi yana iya kwantar da mutum. Rimot da wayar ɗaki da na'urar POS kuwa ba a sa musu bilic, tsumma mai sinadarin alkohol na kashi 70 ake shafa musu. Zanen gado ba a kaɗa shi, naɗe shi ake yi a hankali a sa a jaka, a wanke da ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 90. A buɗe taga yayin gyara. Cutar nan ta numfashi ce, iska mai shiga da fita ta fi feshi amfani. Wuraren da suka kashe kuɗi suka kafa rumfar fesa wa mutane magani a bakin ƙofa sun yi asara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a fesa wa mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta ko ta halin ƙaƙa, ba ya hana mai cutar yaɗa ta, yana kuma cutar da ido da fata.

A kicin kuma, ba a sami hujjar cewa korona na bin abinci ba. Haɗarin yana cikin cunkoson ma'aikata a wuri mai zafi marar iska, da cokalin bufe da hannu ɗari ke taɓawa, shi ya sa wurare da yawa suka koma zuba wa baƙo da kansu. Amma tunda ido ya dawo kan tsafta, ki yi amfani da damar ki ƙware a ka'idojin abinci. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, don haka mai sanyi ya zauna ƙasa da 5, mai zafi sama da 60. Nama da kaza su kai digiri 70 har cikinsu. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye a fili, a zafin garuruwanmu ma ni ban yarda ya kai hakan ba, musamman shinkafa da miyar da aka sa wa gyaɗa. Katakon yankan ɗanyen nama daban, na salak daban. Ki sayi ɗan ma'aunin zafin abinci naki na kanki, ki riƙa rubuta zafin firji safe da yamma, musamman inda wuta ke ɗaukewa ana jiran a tada janareta. Wannan rubutun shi ne ƙashin bayan tsarin HACCP da kuka karanta a aji, wanda aka faro a shekarun 1960 domin abincin 'yan sama jannatin Amurka: a gano inda haɗari zai iya shiga, a sa masa iyaka, a riƙa aunawa, a rubuta. Korona za ta wuce in sha Allahu, amma kwalara na dawowa da damina, zazzaɓin Lassa kuma na bin abincin da ɓera ya taɓa a sito. Wadda ta iya wannan ba za ta rasa mai nemanta ba.

Abu na biyu da nake so ki nace a koya miki shi ne lissafi, domin shi ke raba wadda za ta tsaya a ma'aikaciya da wadda za ta zama manaja. Ga misali. Masauki mai ɗaki 40 ya sayar da ɗaki 10 a kan naira 15,000. Ya cika kashi 25 cikin 100, ya sami 150,000, in aka raba wa ɗakuna 40 kowanne ya kawo 3,750. Mai wurin ya tsorata ya karya farashi zuwa 10,000, aka sami baƙi 14. Ɗakuna sun fi cika, kashi 35, amma kuɗin 140,000 ne, ga ƙarin wanki da sabulu da man janareta na ɗaki huɗu. Ya ƙara wahala ya rage samu, kuma ranar da kasuwa ta dawo, mayar da farashin zai yi masa wuya. Irin wannan kuskure an tafka shi sosai a 2020. Haka a kicin: farantin da ake sayarwa 1,500 in kayan haɗinsa sun ci 600, abinci ya cinye kashi 40 na kuɗin, alhali abin da aka fi so shi ne ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin uku, domin a ragowar ne za a biya gas da albashi da haya. Ki roƙi mai kula da sito ya nuna miki katin kaya, da yadda ake fitar da wanda ya riga shigowa kafin sabo. Ki iya Excel sosai. In wurin yana da manhajar karɓar baƙi, ko Opera ce ko wata ƙarama, ki zauna kusa da mai aiki da ita har ki iya buɗe wa baƙo ɗaki ki rufe lissafinsa.

Yanzu maganar Baba. Ki saurare shi da kyau, domin tsoronsa biyu ne, kuma duka suna da tushe. Na farko cutar. Riga-kafin AstraZeneca kusan miliyan 4 ya iso Abuja ranar 2 ga Maris 2021, amma ma'aikatan lafiya aka fara da su. Saboda haka duk wurin da za ki je, ki duba da idonki: ma'aikata na sa takunkumi ko a haɓa suke rataye shi? Akwai ruwa da sabulu a ƙofar kicin? In ma'aikaci ya tashi da zazzaɓi ana barinsa ya zauna a gida, ko ana yanke masa albashi har ya gwammace ya ɓoye? In amsoshin ba su yi miki ba, ki bar wurin. Kuma wurin da ake killace matafiya ko masu cutar, kamar yadda aka yi da wasu otal-otal a Legas da Abuja a 2020, ba wurin ɗaliba ba ne, ko nawa za a ba ki. In akwai tsoho ko mai ciwon suga ko hawan jini a gidanku, ki riƙa cire kayan aiki ki yi wanka kafin ki shiga cikin iyali.

Tsoro na biyu ba zai faɗa miki kai tsaye ba, amma kin san shi: yadda jama'armu ke kallon 'ya mace mai aikin otal. Wannan kallo ya hana mu ƙwararrun mata da yawa, abin yana ci mini rai, domin karɓar baƙo da ciyar da shi abu ne da muka gada, addini ma ya yi umarni da shi. Amma ba da gardama ake kawar da shi ba. Ki nemi wuri a garinku inda za ki kwana gida. Ki nemi aikin safe. Ki roƙi Baba, ko kawunki, ko yayanki, ya raka ki ranar farko ya gaisa da manaja, ya ga kicin ɗin, ya karɓi lambar wanda zai kula da ke. Gani ya kori ji. Ki gaya masa ka'idar aikin da bakinki: ba a shiga ɗakin da baƙo ke ciki a rufe ƙofa, ana barinta a buɗe da keken kayan aiki a bakinta, ɗaliba kuma ba ta gyaran ɗaki ita kaɗai. Kina da damar cewa ba za ki yi aiki a sashen giya ba, ki faɗa tun ranar farko, ki kuma tambayi yadda hijabinki zai dace da kayan aiki, a kicin ƙaramin hijabi da ake cusawa cikin riga ake sawa saboda wuta. In duk da haka ya ce otal dai a'a, to ga kicin ɗin asibiti ko makarantar kwana ta 'yan mata ko gidan burodi. Ba sai kin saɓa masa ba kafin ki cika horonki.

Kwasa-kwasan intanet kuma, ki yi su, amma ki san matsayinsu. Suna ba ki dalilin abu, hannu kuma sai a wurin aiki. A 2021 dandalin OpenWHO na Hukumar Lafiya ta Duniya ya kasance kyauta, yana da darussa kan kare yaɗuwar cuta da tsaftace muhalli. A Coursera akwai jerin darussan makarantar ESSEC ta Faransa kan sayar da ɗakuna da tsara farashi, ana iya neman tallafi in ba kuɗi. Cibiyar horar da ma'aikatan otal da yawon buɗe ido ta NIHOTOUR, mai reshe a Bagauda ta jihar Kano, tana gajerun kwasa-kwasai na hannu, ki bincika ko sun buɗe. Biyu ko uku da kika gama kika kuma gwada sun fi satifiket goma sha biyar da aka tara don ado. Duk wanda kika yi, ki kai shi wurin aiki washegari: kin karanta haɗa bilic, ki haɗa, kin karanta lissafin faranti, ki lissafa na tuwo da miyar gidanku. Ki yi hattara da masu tallar "horon otal a Dubai" ko "IT ta intanet" da ke neman kuɗin rajista tun kafin ki ga kowa. Data ma kuɗi ce, ki sauke darasi da dare lokacin da ta fi araha.

Kafin wurin ya samu, kada ki zauna. Ki karɓi odar cincin ko kek ko sambusa na buɗa-baki daga maƙwabta, ko da kaɗan ne, ki buɗe littafi: me kika saya, nawa, guda nawa ya fito, nawa kika sayar, me ya lalace, me mai saye ya ce. Ki ɗauki hoton aikinki. Wannan ba zai shiga logbuk ba, kada ma ki gwada shigar da shi, amma zai shiga jakar da za ki riƙe ranar neman aiki. Ki kuma riƙa gaida wanda ya kula da ke a otal ɗin Abuja lokaci-lokaci. Ma'aikatan da aka sallama da yawa sun kama wasu sana'o'in ba za su dawo ba, ranar da taro ya dawo za a nemi hannu da gaggawa, kuma wanda ake tunawa shi ake kira. Kina da shekara guda ta IT bayan ND kafin HND, wato babbar difloma, a nan ne za ki nemi babban otal, lokacin kin riga kin san aiki, su ma sun farfaɗo.

In makaranta ta ce ba za ta lissafa makonnin farko ba, sai kin sake daga tushe, ko hakan zai sa sakamakonki ya yi jinkiri, ki karɓa ki yi. Ɗaliban jami'a sun zauna gida daga Maris har Disamba a 2020 saboda yajin aikin ASUU da kulle, ba wanda zai tambaye ki dalilin jinkirin wata huɗu a takardar da ta fito daga wannan lokaci. Ranar da za ki gama, ki roƙi wanda ya kula da ke wasiƙa ta daban ban da sa hannun logbuk, wadda za ta faɗi sassan da kika zauna da ayyukan da aka bar miki ke kaɗai. Idan kin sami wurin, ki sake rubuto mini ki gaya mini sashen da aka fara sa ki, sai in faɗa miki abin da za ki nema a nuna miki a makon farko.